Babban Babur Na Hannu Mai cc 600 Zuwa 700: Wanne Ya Dace Da Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Wani matashi ma'aikaci daga Kaduna ya aiko da wannan tambaya: "Shekara shida ke nan ina hawan Boxer, yanzu kuma na tara 'yan kuɗi ina son babban babur irin wanda injinsa yake a fili, ba mai lulluɓin roba irin na tsere ba. Dillali ya nuna mini guda uku: Honda Hornet 600 ƙirar 2005, da Kawasaki ER-6n ƙirar 2012, da Ducati Monster 696 wanda ya fi su kyau alhali kuɗinsa bai wuce nasu ba. Duk wanda na ɗauka a cikinsu, kuɗina za su ƙare ƙaf. Wanne zan saya, kuma me zan duba?"

Ƙanena, Allah ya sa alheri a wannan niyya. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne cewar da ka yi kuɗinka za su ƙare ƙaf, saboda haka da ita zan fara kafin mu zo kan sunayen babura. Na daɗe ina gyaran irin waɗannan babura, kuma da wuya in ga wanda ya haura shekara 10 a duniya ya zo hannun sabon mai shi ba tare da bashin gyara a wuyansa ba, ko da ya sauka daga kwantena yana ƙyalli. Bashin kusan iri ɗaya ne kullum: taya biyu, sarƙa da farantanta masu haƙora, fatar birki, batir, baƙin mai da matatarsa, matatar iska, ruwan lagireto da man birki. Duk waɗannan daga waje ake kawo su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kowa ya san yadda lamarin ya zama. Tayar baya mai lamba 160/60-17 ko 180/55-17 ba irin wadda za ka shiga kowane shagon kayan babur ka ɗauko ba ce kamar ta Boxer, sau da yawa sai an aika Legas ko Abuja. A kan wannan kuma sai ka ɗora rajista da lamba da inshora, da hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, da rigar kariya, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Shawarata ita ce ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka tara ka ɗauka cewa ba na sayen babur ba ne, sauran kashi ukun su ne kuɗin da za ka shiga kasuwa da su. Idan kashi ukun ba su kai ko ɗaya cikin baburan da aka nuna maka ba, to ko dai ka ƙara wata uku ko huɗu kana tari, ko ka sauko zuwa wanda ya fi su tsufa amma yake da lafiya. Na ga samari da yawa da suka juye aljihunsu a hannun dillali, babur ya yi wata biyu a hanya, sannan ya yi shekara guda a zaure an lulluɓe shi da tamfol saboda an rasa kuɗin taya.

Yanzu ga baburan. A wannan aji akwai masu silinda biyu da masu silinda huɗu, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi bambancin yana da girma. Mai silinda biyu filogi biyu gare shi ko huɗu, bawul takwas ko ƙasa da haka, yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa ba sai an murɗa totur sosai ba, kuma yakan yi wajen kilomita 20 zuwa 25 a lita ɗaya idan ana tafiya cikin natsuwa. Mai silinda huɗu yana da bawul 16, ƙarfinsa yana can sama inda injin yake kuka, ya fi shan mai, kuma duk aikin da za a yi masa ya fi cin lokaci da kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan bambanci ya zama abin da mai albashi yake ji a jikinsa duk mako.

Hornet 600 babur ne mai aminci, ba ni da abin da zan soke shi da shi ta fuskar ƙira. Honda ta fara fitar da shi a 1998 da inji mai silinda huɗu da ta ɗauko daga babur ɗinta CBR600F, kuma injin yana da juriya ƙwarai. Sai dai na 2005 da aka nuna maka kafireto huɗu gare shi, domin sai a 2007 aka mayar da Hornet kan injekta. Kafireto huɗu suna bukatar makanike mai ma'aunin daidaita su, wanda ya san ba a tsokale musu ƙananan ramuka da waya kamar yadda ake yi wa na ƙaramin babur, kuma da irin man da muke samu, musamman idan tafiya ta tilasta maka saye a hannun 'yan bumburutu, za ka riƙa kwance su akai-akai. Ga shi kuma ƙarfinsa ya haura doki 90, wanda ya yi yawa ga mutumin da ya taso daga Boxer mai ƙarfin doki 8 zuwa 12. Idan ma wani ya kawo maka Hornet na 1998 ko 1999 da araha, ka sani cewa wilinsa na gaba inci 16 ne, kuma neman tayarsa wahala ce mai zaman kanta.

Shi kuwa Monster 696, na san abin da ya ja ka gare shi, domin babur ne mai kyan tsari, marar nauyi, mai daɗin sauti. Amma arahar da ka gani tana da dalili. A wannan injin Ducati ba ta amfani da sifirin wajen rufe bawul kamar sauran kamfanoni, tana da nata tsari na daban wanda kowane bawul yake da abin buɗewa da abin rufewa, kuma a wannan ƙirar ana son a auna su duk bayan kilomita 12,000. Sannan bel ne yake juya kan injin maimakon sarƙa, kuma ana canza shi bayan kamar shekara biyu ko da ba a hau babur ɗin sosai ba, domin roba ce kuma tana tsufa a ajiye. Ranar da bel ya tsinke, fistin ya haɗu da bawul, an shiga aikin da zai iya cin rabin kuɗin babur. A Turai ma mai Monster yana yawan sayar da shi ne daidai lokacin da wannan babban sabis ya gabato, kuma irinsu ne suke biyo jirgi su iso wurinmu. Idan ba ka da makaniken da ya taɓa buɗe irin wannan inji a gabanka, kuma ba ka da hanyar samun kayansa cikin sauƙi, ka bar shi. Wannan hukuncin ya shafi Triumph Street Triple ma, duk da cewa yana cikin baburan da suka fi daɗin hawa a ajinsu.

Saboda haka a cikin ukun nan ER-6n nake zaɓa maka, da sharaɗin ya ci jarrabawar da zan bayyana. Kawasaki ta yi shi daga 2006 zuwa 2016, injinsa cc 649 ne mai silinda biyu a jere, da injekta tun daga farko, ƙarfinsa wajen doki 70, nauyinsa da mai a ciki kilo 200 da 'yan kai. Babbar fa'idarsa gare ka ita ce injinsa ɗaya ne da na Ninja 650 da Versys 650, don haka kayansa na hannu suna yawo a kasuwa kuma makanikai sun saba da shi. Ina kuma ba ka shawarar kada ka tsaya a abin da dillali ɗaya ya tara a gabansa. Ka nemi Suzuki SV650, wanda aka fara a 1999, aka mayar da shi kan injekta a 2003, kuma injinsa mai siffar V shi ne a cikin V-Strom 650 da Gladius. A ganina babu injin da ya fi shi haƙuri da talaka a wannan aji. Yamaha MT-07, wanda ya fito a 2014 kuma aka sayar a Amurka da sunan FZ-07 a shekarun farko, ya fi su sauƙin nauyi da wajen kilo 20, kuma sai bayan kilomita 40,000 ake auna bawul ɗinsa, amma kuɗinsa yakan ɗara nasu, kuma da yake samari suna son ɗaga masa ƙafar gaba, sai an bincike shi da kyau.

Duk da haka, sunan babur rabin magana ne, domin lafiyayyen Hornet ya fi ER-6n da aka yi wa kwaskwarima bayan haɗari. Kada ka yi cinikin biri a sama ta hoto ko bidiyon waya, kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai idonka ya gani. Ka je da rana tsaka, tare da makaniken da kai ka ɗauko shi kuma kai za ka biya shi, ba wanda yake cin la'ada a wurin dillali ba.

Ka fara da takardu tun kafin a tayar da inji. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, an buga ta a wuyan firam inda kan babur yake juyawa. Ka karanta ta da idonka ka gwada da ta takardar kwastam da ta rajista, ka yi haka da lambar inji, sannan ka shafa wurin da yatsa. Idan ka ji alamar goga, ko ka ga sabon fenti a wurin kaɗai, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ka yi sallama ka tafi, domin babur ɗin da asalinsa yake da duhu zai iya kai ka ofishin 'yan sanda ka rasa shi ka rasa kuɗinka. Idan daga Amurka ya zo, ka saka lambar a intanet, saboda da yawa daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon motoci da babura masu haɗari irin su Copart da IAA, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan, za ka ga yadda yake kafin a gyara shi. Ka lura kuma cewa mitar baburan Amurka da Ingila da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 30,000 a fuskar mita kilomita 48,000 ke nan. Ita mitar ma ban cika gaskata ta ba, domin ana sauya ta. Na fi gaskata robar matakin ƙafa da ta lashe, da robar hannu da ta yi santsi, da farantin birki da ya yi kwari har kana jin gaɓa a bakinsa da farce. Ka tambayi makullai nawa ne. Yawancin waɗannan babura suna da makulli mai ɗauke da lambar sirri wadda kwamfutar inji take ganewa, kuma a Yamaha akwai jan makulli wanda da shi kaɗai ake yi wa sababbi rajista. Babur mai makulli ɗaya tak ya kamata kuɗinsa ya sauka. Akwai kuma abin da mutane kaɗan suka sani game da baburan da suka zo daga Turai: lasisin A2 na can bai yarda matashi ya hau abin da ya wuce kilowat 35 ba, wato doki 47 zuwa 48, don haka ER-6n da SV650 da MT-07 da yawa an rage musu ƙarfi. Wannan ba aibi ba ne, a wurinka ma alheri ne a shekarar farko, amma ka san da shi don kada ka zaci injin ne ya mutu.

Bayan takardu sai inji, kuma nan ne nake son ka fi natsuwa. Ka gaya wa mai babur tun a waya cewa kada a tayar da shi kafin ka zo, kuma da isarka ka ɗora bayan hannunka a jikin injin da bututun salansa ka tabbatar da sanyi suke. Inji mai ɗumi yana ɓoye laifuffuka da dama: wahalar tashi, hayaƙi, da ƙarar sarƙar da ke juya kan inji. Lafiyayyen inji mai injekta zai tashi da dannawa ɗaya ko biyu ba tare da an taɓa totur ba, fitilar baƙin mai ta mutu nan take, sannan ya zauna a kan sauti ɗaya. Ɗan farin tururi da safe ba komai ba ne idan ya ɗauke da wuri. Shuɗin hayaƙi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, wato zobe ko robobin bawul sun gaji, kuma farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa alama ce ta ruwa yana shiga silinda. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, idan ka ga abu kamar madara to ruwa ya gauraya da mai. Sannan ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta. Kada ka gaji da wannan jira, domin a zafin Maris da Afrilu, a cikin cunkoson Kasuwar Bacci ko Kawo, fankar nan ce take tsakaninka da ƙonewar gaskit. Idan ka ga an haɗa ta kai tsaye da waya tana juyawa tun daga kunna makulli, ka san akwai matsalar zafi da aka rufe.

Ka sa makanikenka ya zo da mitar auna wuta. Batir a kashe ya kamata ya nuna wajen volt 12.6, idan kuma aka ɗaga inji zuwa juyi 4,000 ko 5,000 a minti ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ba ya caji, sama da 15 kuwa yana dafa batir. Na'urar daidaita caji ita ce sananniyar lagon tsofaffin Honda da Suzuki na waɗannan shekaru, kuma zafi ne yake kashe ta, mu kuwa zafi ba ya yi mana ƙaranci. Ka ɗaga kujera ka dubi wayoyi. Idan ka tarar an yayyanka an naɗe da salatif, an saka fitilu masu launi da ƙararrawa, ka ƙara wannan a lissafin wahalar da za ka gada.

Alamomin faɗuwa ba sa ɓuya ga mai lura. Karce a ƙarshen hannu, ko a kan maɗaurin birki da kuloci, ko a murfin inji, yana nuna faɗuwar tsaye ko ta hankali, kuma kusan duk babur mai shekaru yana da shi, don haka abin ragi ne a ciniki kawai. Abin gudu shi ne haɗarin gaba. Ka juya kan babur har ƙarshe hagu da dama ka dubi 'yan ƙarafan da suke tare shi a wuyan firam, idan sun lotsa ko sun karye ko an yi musu walda to babur ya sha duka mai ƙarfi. Ka duba wuraren da aka ɗaure inji a firam ko akwai tsaga ko sabuwar walda. Ka tsuguna a baya daga nesa ka ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka matse birkin gaba ka danna kan babur ƙasa sau da yawa, sannan ka shafa sandunan shokozoba, idan yatsanka ya fito da mai robobinsu sun mutu, idan kuma sandunan suna da tsatsa mai rami to ko an saka sababbin robobi za su sake yagewa. A ɗaga ƙafar gaba a juya kan a hankali, idan yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi, abin da ake yawan gani a baburan da ake ɗaga wa ƙafa. A juya kowane wili a dubi bakinsa, domin na alminiyam ne kuma ramukan hanyoyinmu suna lanƙwasa shi. Ka leƙa ƙarƙashin ER-6n musamman, saboda salansarsa a ƙasan inji take kuma tudun rage gudu yana dukan ta.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta yana nan, kuma ranar ruwan farko za ta nuna maka hakan. Sarƙa kuwa ka ja ta baya daga tsakiyar farantin baya, idan ta ɗago har kana ganin rabin haƙori ta ƙare, kuma ita da farantan biyu tare ake canza su.

Idan mai shi ya yarda a hau, ka bar makanikenka ya fara. A bi giyoyin duka shida, a murɗa totur da ƙarfi a giya ta biyu a ga ko za ta fita da kanta, domin gyaran wannan babban aiki ne, a yawancinsu sai an raba inji biyu. A giya ta sama kuma, idan aka murɗa sai kukan inji ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Wani lokaci laifin baƙin man mota ne da aka zuba, domin kulocin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, kuma mai ɗauke da alamar JASO MA ko MA2 kaɗai ya dace da shi.

Akwai abu ɗaya da ba zan rufe baki ban faɗa ba, saboda na yi jana'izar waɗanda na gyara wa babura. Shekara shidan da ka yi a kan Boxer ta koya maka hanya da halin direbobi, amma ba ta koya maka birkin gaba mai faranti biyu ba, kuma yawancin masu ƙaramin babur da ƙafa suka saba tsayawa. A babban babur birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin, kuma damƙe shi a firgice a kan yashi yana kayar da mutum kafin ya ankara. Idan ka sami biyu masu lafiya iri ɗaya, ɗaya da ABS, wato na'urar da take hana taya kullewa idan an damƙe birki, ɗaya babu, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai ABS, kuma ka tabbatar fitilarsa tana kamawa idan an kunna makulli tana mutuwa idan an fara tafiya, domin wasu suna cire ƙwan don su ɓoye lalacewarsa. Ka nemi lasisin tuƙi na rukunin A, ka bincika dokar hawa babur a jihohin da kake niyyar bi tunda wasu sun sa takunkumi saboda tsaro, kuma ka yi makonni kana koyon tsayawa da juyawa a fili kafin ka hau hanyar Zariya ko ta Abuja.

Ranar da ka kawo shi gida, kada ka dogara da cewar da aka yi maka an yi sabis. Daga cikin kason da ka ware, a juye baƙin mai da matatarsa, a canza ruwan lagireto da man birki mai lamba DOT 4, a saka sabuwar matatar iska wadda za ka riƙa dubawa duk wata a lokacin hunturu saboda ƙura, a wanke tanki idan akwai tsatsa don kada ta kashe famfon mai, kuma idan babu wata shaidar ranar da aka auna bawul, a auna su a wannan zaman. Ka rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna a ɗan littafi ka ajiye a ƙarƙashin kujera, daga nan lissafin sabis ɗinka zai fara.